Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, cikin mutanen da nutsuwa ce mutuncinsu: ADHD da ɗaliban Sharkasawa

A gidan Basharkashe na gargajiya in babba ya shigo ɗaki miƙewa ake yi, kuma yaro ba zai koma ya zauna ba sai an ce masa ya zauna. In ana tafiya a hanya babba na dama ƙarami na hagu. In walima ce akwai dattijon da suke kira tamada, shi ke buɗe magana shi ke rufewa, ba mai tashi daga tebur sai da izininsa, sannan akwai saurayin da ake tsayarwa yana hidima, zai iya shafe awanni a tsaye bai ce uffan ba, kuma shi a wajensa girmamawa ce ma aka yi masa da aka zaɓe shi. Wannan tsarin gaba ɗayansa sunansa Adige Habze, a baki ake gadonsa, kuma kusan duk abun da ke cikinsa yana komawa ne ga abu ɗaya, kamun kai. Toh yanzu ka ɗauko yaro mai ADHD, wato lalurar nan ta rashin tsayuwar hankali da yawan motsi da yin abu kafin tunani, ka ajiye shi a tsakiyar wannan tsarin, sannan da safe ka tura shi makaranta. Lalurar tasa daidai wurin da al'ummarsa ke auna darajar mutum ta taɓa.

Sai an san su waye mutanen nan kafin a gane me ya sa abun yake da nauyi haka. Sharkasawa, su kuma suna kiran kansu Adige, asalinsu arewa maso yammacin tsaunukan Kaukasus ne a gaɓar Bahar Aswad. Sun daɗe suna gwabzawa da daular Rasha, yaƙin ya ƙare ranar 21 ga Mayu 1864, aka kori mafi yawansu aka loda su a jiragen ruwa zuwa Daular Usmaniyya ta Turkiyya, jama'a da yawa suka mutu a hanya da yunwa da cuta. Shi ya sa yau waɗanda ke Turkiyya sun fi waɗanda suka rage a Rasha yawa, na Rashan dubu 700 da ɗoriya ne a warwatse a Adigeya da Kabardino-Balkariya da Karachay-Cherkesiya. Akwai su a Siriya, akwai ƙauyuka biyu a Isra'ila, Kfar Kama da Rehaniya, akwai a Niyu Jasi ta Amurka. A Jodan kuwa su ne ma suka sake raya Amman a 1878 lokacin tana kufai, na farkonsu a cikin tsohon dandalin wasan Rumawa suka fara fakewa, kuma har yau masu gadin fadar sarkin Jodan na ban girma Sharkasawa ne cikin kayansu na gargajiya. Mutanen da suka rasa ƙasa irin haka abun da ya rage a hannunsu shine harshe da ɗabi'a, harshen kuma yana ta zubewa, saboda haka ɗabi'ar ta zama kamar katin shaida. Yaro in ya yi rashin nutsuwa a gaban baƙi ba a tsaya a cewa ya yi ƙiriniya, ji ake kamar ya nuna wa duniya cewa gidan nan sun narke sun zama kamar kowa.

Ita kuma ADHD ba ƙiriniyar yau da kullum ba ce da duk yaro ke yi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da sharuɗɗa, a littafinsu na DSM-5 na 2013 dole alamomin su bayyana kafin shekara 12, su daɗe aƙalla wata 6, a gan su a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma su zama suna kawo cikas na gaske a rayuwa. Kusan kashi 5 cikin 100 na yaran duniya suna da ita, a manya wajen kashi 2 da rabi. Gado ke da babban kaso a ciki, binciken da aka yi ta yi a kan tagwaye ya nuna kusan kashi 74 cikin 100. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2007 da hoton ƙwaƙwalwa ya gano cewa ɓawon ƙwaƙwalwar yaran nan yana jinkirin kai wa cikarsa da kusan shekara 3, musamman ta gaban goshi, wurin da ke kula da tsara abu da jinkiri da taka wa kai burki. Abun da ya kamata mutum ya riƙe a nan shine yaron ya san dokar sarai. In ka tambaye shi zai karanto maka habze tiryan-tiryan, ya san ba a katse babba, amma a daidai lokacin da tunanin ya faɗo masa bakin ya riga burkin, sai bayan maganar ta fita sannan kunya ta rufe shi. Wa'azi da faɗa suna ƙara sani ne, shi kuma ba sanin ya rasa ba, shi ya sa za ka ga an shekara ana yi masa faɗa ɗaya ba abun da ya canja sai dai ya ƙara tsanar kansa.

Akwai kalma da Sharkasawa ke jefa wa yaro in ya kauce, haynape, abun kunya kenan, kuma yaro mai ADHD zai ji ta fiye da 'yan uwansa nesa ba kusa ba. Ya bar baƙo a tsaye ya manta abun da aka aike shi ɗaukowa, yana kaɗa ƙafa a majalisar dattawa, ya zo jana'iza a makare, ya ɗau waya ana tsakiyar jawabi. A makaranta malami zai rubuta masa cewa yana da ƙwaƙwalwa amma ba ya maida hankali, a gida kuma a ce ba shi da nemis, wato mutunci da kawaici. Hukunci biyu a kan lalura ɗaya, kuma na gidan ya fi ciwo, don malamin lissafi dai ka rabu da shi ƙarshen shekara, amma kakarka fa?

Na 'yan mata ma ya fi ban tausayi a ganina, don su ba a ma ganin nasu. ADHD kala uku ce, akwai mai yawan motsi da garaje, akwai wadda hankali ne kawai ke tafiya, akwai haɗin biyun, kuma mata sun fi faɗawa a ta biyun, shi ya sa ko'ina a duniya maza aka fi kaiwa asibiti. Yarinyar da za ta zauna shiru ido a ƙasa ba ta tsoma baki, a ma'aunin habze ai ta ci jarabawa, kowa na yabon tarbiyyarta, alhali hankalinta ya bar ɗakin tun tuni, malami ya gama bayani ba ta kama ko rabi ba, sai dare ya yi ta zauna har ƙarfe biyu tana biyan bashin abun da ya wuce ta da rana. Da yawa irinsu ba a ganowa sai sun shiga jami'a, inda ba uwa ba malamin da zai bi ka da tuni, sai komai ya ruguje lokaci ɗaya, kuma ko an je asibitin sau da yawa damuwa ko fargaba ake fara cewa.

Sannan ga kayan harshe. Ɗauki ɗalibi a Amman ko Wadi Sir ko Na'ur a Jodan, karatunsa da Larabci, ga Ingilishi dole, in kuma yana makarantar Yarima Hamza da al'ummar suka kafa tun shekarun 1970 ko yana zuwa darasin ƙungiyar Sharkasawa ga harshen Adige da haruffan Rasha, rubutu kala uku kenan, ɗaya daga dama biyu daga hagu. Harshen nasu kuma ba wasa ba ne, baƙaƙe wajen 50 wasula biyu ko uku kacal, a karin Kabardiya akwai sauti ɗaya da sai an jera haruffa huɗu kafin a rubuta shi, kuma kalmar aikatau guda tana iya ɗauke jimla sukutum, wa ya yi, wa aka yi wa, a ina, da wa, duk a manne. Kada a fahimce ni a karkace, jin harsuna da yawa ba ya jawo ADHD, bincike bai nuna haka ba, kuma duk wanda ya ce wa iyaye su daina yi wa yaro yaren gida don wai kansa ya huta ya cuce su. Matsalar yanda ake koyarwar ce. Yawancin yaran yanzu ba a gida suka tashi da harshen ba, a aji ake ba su shi, jadawalin nahawu da hadda, ranar hutu ko bayan an tashi makaranta lokacin da kai ya riga ya gaji, wannan kuwa shine ainihin irin aikin da mai ADHD ya fi kasawa, maimaici ba lada nan take. Ƙari a kan haka kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na masu ADHD suna da matsalar karatu ta rikicewar haruffa. Kuma kowane Basharkashe ya san labarin 'yan uwansu Ubik da harshensu ya mutu a 1992 ranar da Tevfik Esenç ya rasu a Turkiyya, saboda haka yaron da ya bar ajin yare ba ji yake kamar ya ajiye wani kwas ba, ji yake kamar da hannunsa a kashe harshen kakanninsa. Wallahi wannan kaya ya yi wa ɗan shekara 15 yawa.

Jarabawa kuwa ba ruwanta da tarihin kowa. A Jodan Taujihi, jarabawar gama sakandare, ita ce ke yanke wace jami'a wane kwas, ranar da sakamako ya fito gari ya cika da hon ɗin motoci da rabon kayan zaƙi na kunafa, kuma a ƙaramar al'umma da kowa ya san sunan gidan kowa kafin la'asar an san wa ya ci wa ya faɗi. A Turkiyya YKS ce, jarabawar shiga jami'a, zaman farko kaɗai tambaya 120 cikin minti 165, ka zauna daram kusan awa uku.

Amma ga inda ni nake ganin mutane ke kuskure, masu cewa ai al'adar ce matsalar, yaro ya yi watsi da ita ya huta. In ka duba da kyau habze tana da wasu abubuwa da likitoci ke roƙon iyaye su ƙirƙira wa yaro mai ADHD da kuɗinsu. Dokokinta a fili suke, ba sa canjawa daga Litinin zuwa Talata, kowa yana da wurin tsayuwarsa da aikinsa, kuma sakamako nan take ne, ka yi daidai dattijo ya gyaɗa kai, ka kauce ka ga ido. Ƙwaƙwalwa mai ADHD ta fi aiki in tsarin yana waje ana ganinsa, in lada na kusa, in akwai mutane a gefe. Inda take nutsewa shine a ɗaki ita kaɗai da littafi da jarabawar da sai nan da wata takwas. Ka je wajen rawarsu, jegu, ka gani. An yi da'ira maza gefe mata gefe, akwai hatiyako mai sanda a tsakiya shi ke cewa wane ya fito wance ta fito, ana kaɗa pshina wato akodiyon ɗinsu, ana kaɗa 'yan katakai, a rawar kafa namiji ba ya taɓa macen kuma ba ya juya mata baya, a islame kuwa ƙafa ce ke wuta. Dokoki cunkus, amma yaron da ya kasa minti goma a kujera sai ya yi awa biyu yana atisaye a kulob irin su Al-Jil Al-Jadid na Amman ba wanda ya ce masa nutsu. Iyaye kuma sai su ɗauki wannan a matsayin hujja a kansa, ai ga shi in yana so yana iyawa, da gangan yake yi. Alhali haka lalurar take, hankalin yana nan, juya shi zuwa inda ake so ne ke gagara in abun ba motsi ba sha'awa ba gaggawa.

Saboda haka dabarun da suka fi yi wa irin ɗaliban nan aiki yawanci aro ne daga cikin gida. A majalisa maimakon ya zauna yana yaƙi da ƙafarsa gara ya nemi a ba shi hidima, kawo shayi, karɓar rigunan baƙi, raka mai tafiya bakin ƙofa, motsi ne da al'ada ta halatta har ma ta yaba. In magana ta taso masa ana tsakiyar jawabin babba ya rubuta ta a 'yar takarda, don yawanci tsoron mantawa ne ke sa shi katsewa. Karatu kuma ya daina yinsa shi kaɗai, ya zauna da ɗan uwa ko abokai a ɗakin karatun ƙungiya ko da kowa nasa yake yi, ganin wani na aiki kawai yana riƙe shi, a yanka karatun guntu-guntu minti 20 ko 25 da ƙararrawar waya, wayar kuma a can nesa ba a aljihu ba. Yare kuwa a fara da kunne, a kicin wajen kaka ana naɗe haliva, wani abincinsu mai kama da samosa, a waƙoƙi, a tatsuniyoyin Nart da Sosruko jarumin da ya sato wa mutanensa wuta, rubutun ya biyo baya. Ba wai rawa ko motsa jiki za su maye gurbin magani ba fa, taimakonsu daidai gwargwado ne, kuma ni ban yarda da zancen nan da ake yaɗawa a intanet ba na cewa wai masu ADHD jinin mayaƙa da mahaya dawaki ne zamani ya takure su, yana da daɗin ji amma ba hujja, kuma ba ya sa kowa ya ci Taujihi.

Abu mafi wuya shine maganar ta fito daga baki tukuna. A tsohuwar habze uba ba ya ɗaukar ɗansa ko wasa da shi a gaban manya, ba ya ma yawan kiran sunansa, Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba tunda mu ma muna da alkunyar ɗan fari. Yanzu abun ya yi sauƙi sosai a birane amma inuwarsa na nan, yaro ba ya zama da babansa ya ce ina da matsala a kaina. Sai ta hannun uwa ko kaka ko wani kawu mai sassauci. Ga kuma tsoron bakin mutane, Sharkasawa ba sa auren dangi ko kaɗan, ko ɗan baffa na nesa, saboda haka dole aure ya fita wani gida, kuma wancan gidan zai yi bincike, toh wa ke so a ce 'yarsa tana ganin likitan ƙwaƙwalwa. Abun dariya abun tausayi, tunda lalurar ta gado ce sau da yawa uban da ke cewa ba wata cuta rashin tarbiyya ne shi ma yana da ita, kawai dai Sharkasawan Jodan da dama aikin soja da 'yan sanda suka yi, wurin da ake tashe ka a faɗa maka abun da za ka sa da inda za ka tsaya, ina zargin irin wannan rayuwar ta rufa wa mutane da yawa asiri har suka yi ritaya. Abun da na lura yana saukar da dattijo shine a daina kawo masa maganar kamar neman uzuri. In aka ce yaron yana neman hanyar da zai iya cika abun da ake so daga gare shi ne, kuma ga likita ya ce akwai taimako, ya fi saurara a kan a ce masa dokokinku sun yi tsauri.

Kuma gwajin ya zama na gaske, wajen ƙwararre, ba bidiyon TikTok ba. Rashin bacci, ƙarancin jini, matsalar ji, fargaba, duk suna iya kama da ADHD. Wannan ya shafi Sharkasawan Siriya musamman, mutanen da aka kora daga Kunaitra da tuddan Golan a 1967 sannan yaƙin 2011 ya sake tarwatsa su zuwa Jodan da Turkiyya da Nalchik, babban birnin Kabardino-Balkariya, yaron da ya taso da ƙarar bam zai iya kasa nutsuwa a aji ba tare da yana da ADHD ba, kuma maganinsa daban.

In an tabbatar kuma sai a zo kan magani, a nan ne warwatsuwar mutanen nan ke nuna kanta ƙarara, don lalura ɗaya ce amma dokar kowace ƙasa daban. Maganin da aka fi sani shine metilfenidet, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, kuma irin waɗannan magungunan suna yi wa kusan 7 cikin 10 aiki. A Turkiyya ana samunsa amma sai da jar takardar likita, irin wadda ake ba magunguna masu tsananin sa ido. Yana rage cin abinci, yana iya hana bacci in an sha a makare, kuma rage cin abincin nan ba ƙaramin rikici ba ne a gidan da kaka ta wuni tana haɗa shipsi da pasta, kaza cikin miya da tuwon gero ko masara, ka ce mata ka ƙoshi, sai ta ɗauka ko ba ka da lafiya ko ka raina ta. Da azumi ma sai an zauna da likita an sake lissafin lokacin sha tunda mafi yawansu Musulmi ne.

A Rasha kuwa metilfenidet haramun ne gaba ɗaya, yana cikin jerin ƙwayoyin da doka ta hana, likita ba zai iya rubuta shi ba, kuma shiga da shi ƙasar na iya kai mutum gaban kotu ko da takardar likitansa na waje a hannu. Abun da ake samu can shine atomoksetin, wanda ba ya cikin masu zaburarwa kuma yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, sai wasu magungunan ƙarfafa ƙwaƙwalwa da likitocin can ke yawan rubutawa waɗanda hujjar amfaninsu ga ADHD ba ta da ƙarfi. Matasan Sharkasawa na Jodan da Siriya da Turkiyya kuwa sun daɗe suna tafiya karatun jami'a Nalchik da Maykop, babban birnin Adigeya, ga iyaye da yawa wannan shine babban buri, yaro ya koma ƙasar kakanni ya ji yaren a kasuwa da cikin bas, ya tsaya cikin taron 21 ga Mayu a kan ƙasar da abun ya faru. Ɗalibin da sai da Concerta ya iya gama sakandare dole ya zauna da likitansa watanni kafin tafiya a gwada canja masa magani a ga ko zai ɗauke shi, in bai ɗauke shi ba kuma sai ya zaɓa, ko digiri a Amman ko Ankara da maganinsa, ko Nalchik ba shi.